Sunan da Muke Kiran Yaro Mai Otizim a Gabashin Sakkwato

A ƙauyukan da ke bin gaɓar Gulbin Rima daga Goronyo zuwa Wurno, da waɗanda ke ƙasar Rabah, yaron da ya kai shekara uku bai buɗe baki ba, ba ya waiwayowa idan an kira shi, ya fi son ya keɓe yana jujjuya murfin kwano, ba ya rasa suna. Wasu su ce kurma ne, wasu su ce gaɓo, wasu kuma su ce taɓaɓɓe. Mafi nauyi cikin sunayen shi ne ɗan ruwa, wato wanda aka yi imani aljanu sun musanya shi da nasu. Kowane suna a cikin waɗannan hukunci ne, domin shi ke yanke inda za a kai yaron: wurin malami, ko wurin boka, ko kuma ƙuryar ɗaki. Saboda haka nake ganin batun otizim a ƙasar Hausa na masu nazarin harshe ne tun kafin ya zama na likitoci.

Otizim yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa, yana kuma bayyana tun ana ƙanana. Yana shafar yadda yaro ke hulɗa da mutane da isar da abin da ke ransa, yana sa shi maimaita motsi ko kalma ɗaya, da ƙin sauyin abin da ya saba. Ƙarar injin niƙa ko ƙaiƙayin sabuwar riga na iya gigita shi. Leo Kanner ne ya bayyana shi a 1943 a Amurka, bayan ya lura da yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 na da shi, kuma an fi gano shi ga maza. Ba hawa ɗaya ba ne: akwai wanda ba zai taɓa magana ba, akwai wanda zai haddace Alƙur'ani amma gaisuwar safe ta gagare shi. Gado na da babban kaso a cikin sanadinsa, wasu kuma farfaɗiya ke haɗe musu da shi, abin da ke ƙara wa zargin iskoki ƙarfi.

Ƙamusun Bargery ya fito a 1934, shekara tara kafin rubutun Kanner, don haka ba a sa ran samun ma'anar a can. Giɓin da aka bari kafafen yaɗa labarai suka cike da kalmar galahanga. Sai dai kalmar ta zama buhun da ake cusa kome a ciki. Yau a kira mai otizim da ita, gobe a kira mai lalurar Down, alhali sanadinsu daban, kamanninsu daban, kulawar da suke buƙata daban. Ga shi kuma tana ɗauke da ƙamshin zagi. Uwar da ta ji ta a rediyo ba za ta so a liƙa wa ɗanta ba. A ganina aro kai-tsaye, otizim, ya fi aminci a yanzu, domin kalma ce da ba ta riga ta ɗauki dattin kowa ba. Hausa ta ari asibiti da likita, ba ta mutu ba.

Matsalar ta fi suna zurfi. Takardar tantancewa da aka fi amfani da ita ga yara 'yan wata 16 zuwa 30, wato M-CHAT, tambayoyi ne da ake yi wa iyaye. Daga ciki akwai ko yaro na amsawa idan aka kira sunansa, da ko yana kallon idon mai yi masa magana. A fassara waɗannan kalma da kalma, a kai wa matashiyar uwa a Rabah mai goyon ɗan fari. Al'adar kunya ta hana ta ambaton sunansa, wataƙila ma ta hana ta nuna ta damu da shi a gaban surukai. Me za ta amsa? Kallon ido kuwa, mu tarbiyyarmu sunkuyar da kai ne a gaban babba. Yaron da ke kauce wa ido sai a yabe shi da ladabi, wanda ba ya shiga cikin tsara a ce ya cika natsuwa. Alamar da ke tada hankalin uwa a Ingila tana iya zama abin alfahari a Wurno, har shekarun da taimako ya fi amfani su wuce.

Akwai kuma yaye. Wasu yara masu otizim sukan fara furta 'yan kalmomi, sannan su ɓace musu tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Wannan shi ne daidai lokacin da ake cire yaro daga nono, sau da yawa a kai shi gidan kaka. Idan ya dawo shiru, bayani na nan a hannu: fushin yaye ne, ko kuwa ya sha ciki. Bayani na biyun a kan uwa yake sauka. Ita ce ta yi saurin ɗaukar ciki, ita ce ta fita da almuru, danginta ne ke da abin. A gidan da ake da kishiya, zargin sammu kan bi ta ɗaya ɓangaren, zumunci ya lalace a kan yanayin da babu mai hannu a ciki. Yaron kuwa, idan aka kai shi makarantar allo ya kasa zama, bulala ce ke fassara halinsa.

Za a iya cewa, kuma da hujja, mene ne amfanin suna inda babu magani? Asibitin Masu Lalurar Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna nan, haka Makarantar A. A. Raji ta masu buƙata ta musamman a birnin Sakkwato, amma kusancin taswira ba kusancin aljihu ba ne. Manomin albasa da 'yan bindiga suka raba da gonarsa, a yankin da ya ga harin kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, ba kuɗin mota zuwa birni ne gabansa ba. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ma ba ta sauya zaman ɗakin kowace uwa a ƙauye ba.

Duk da haka ban yarda da wannan hujja ba. Otizim ba shi da ƙwayar da ke warkar da shi ko a Amurka. Abin da ke taimakawa yawancinsa a gida ake yi: tsayayyen tsarin yini, gajerun jimloli, nuni da hannu ko hoto, rage hayaniya, da haƙurin jiran amsa. Kaka na iya koyon wannan. Suna na gaskiya kuma yana tsayar da sayar da akuya don hayaƙi da turare, yana sauke laifi daga kan uwa, yana sa a gwada jin yaron, domin sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa na barin kurumta ko rasa magana da ake rikitawa da otizim. Inda muka yi shiru kuwa, wasu za su yi magana. Zargin cewa allurar riga-kafi ke jawo otizim ya samo asali daga wata maƙala ta 1998 da mujallar Lancet ta janye a 2010. Yankin da ya ga ƙauracewa riga-kafin shan-inna a 2003 bai kamata ya fara jin kalmar otizim daga bakin wannan jita-jita ba.

Aikin da ke gabanmu na fili ne. Ɗaliban Sashen Nazarin Harsunan Nijeriya su zauna da ungozomomi da kakanni da malaman allo a ƙananan hukumomin nan uku, su tattara kalmomin da ake siffanta irin waɗannan yara da su, da abin da ke biyo bayan kowace kalma. Sannan a zauna da likitocin yara a sake gina tambayoyin tantancewa da Sakkwatanci, a tambayi laƙabin da ake kiran yaro da shi maimakon sunan yanka, a kuma tambayi wadda ke goyonsa ko da ba ita ta haife shi ba. Hanyar isar da saƙon ma ba baƙuwa ba ce a nan. Nana Asma'u, 'yar'uwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda ke kwance a Wurno, ta tura jajis ɗinta ƙauyuka da waƙoƙin Hausa don su karantar da matan da ba za su iya zuwa birni ba. Makarantun Islamiyya na matan aure da ke garuruwan nan a yau su ne wurin da ya dace a fara gwada tambayoyin.