Kafin a Ɗora wa Famfon Mai Laifi

Idan tsohuwar a-kori-kura ta mutu a hanya da kwandunan tumatir a bayanta, hukuncin da bakanike ya fi saurin yankewa shi ne famfon mai ya tafi. Mai mota, da yake rana na cin kayansa, sai ya biya kuɗin sabo. Bayan mako biyu motar ta sake tsayawa. An bar jaki ana dukan taiki, domin sau da yawa famfon lafiyarsa ƙalau, abin da ke kewaye da shi ne ya gaza.

Famfon mai iri biyu ne a motocin fetur. Masu kafireto, kamar Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, suna da famfo a jikin inji, wanda juyawar injin ke kaɗa wani faifan roba a cikinsa. Ƙarfin turinsa bai kai rabin bar ɗaya ba. Idan faifan ya yage, fetur kan zurara cikin baƙin mai, don haka shinshina sandar auna man inji kan tona asirin cutar. A zafin Maris da Afrilu kuwa, fetur kan zama tururi a cikin bututun da ke kusa da inji, motar ta mutu, ta kuma tashi da kanta bayan ta huce. Gyaran wannan shi ne nisanta bututun daga zafi.

Motoci masu injekta suna da famfon lantarki a cikin tanki, mai turi kusan bar 3. A nan bincike yana da tsari, daga mai araha zuwa mai tsada: fiyus, sannan rile, sannan wayoyi, musamman wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota, wadda tsatsa ke cinyewa. Bayan haka a duba filta, domin toshewarta tana kama da mutuwar famfo: mota ta yi lafiya a tsaye, ta shaƙe a kan tudu. Daga ƙarshe a ɗaura agogon auna ƙarfin turi. Shi kaɗai ne shaidar da ta isa a yanke hukunci da ita.

Akwai tarkon da ke kama har ƙwararru. An saba cewa in an murɗa makulli, famfo zai yi gurnani na daƙiƙa biyu. Amma tsoffin Toyota masu injin 22R-E ba sa yin haka. Famfonsu ba ya tashi sai ana tayar da injin. Shirunsa ba mutuwa ba ne. Haɗa ramukan FP da +B a akwatin gwaji shi ke sa shi aiki kai tsaye, a ji gaskiyar halinsa.

Masu mota ma suna da nasu alhakin. Tun bayan cire tallafin fetur a Nijeriya a ranar 29 ga Mayun 2023, mutane da yawa suna yawo da tanki kusan wayam. Fetur ne ke sanyaya famfon lantarki, kuma famfon da ke zuƙar iska a kowace kwana ba ya yin nisan kwana. Man 'yan bumburutu, da ruwa da ƙurar jarka, shi ke toshe ragar da ke bakin famfon.

Za a ce gwaji yana cin lokaci, kuma ba kowane gareji ke da agogon awo ba. Haka ne. Sai dai farashin agogon bai kai asarar lodi ɗaya na tumatir ba, kuma sabon famfon da aka jefa cikin tanki mai tsatsa zai bi sahun tsohon. Ya kamata mai mota ya tambayi bakanike abin da ya auna kafin ya zaro kuɗi. In babu amsa, gara ya nemi wanda zai auna.