Kirsimeti A Hannun 'Yan Kasuwa: Ra'ayoyin Mazauna Ƙetare

A kowace shekara, da zarar watan Disamba ya kama, akwai wata muhawara da takan taso a tsakanin mutanen da aiki ko karatu ko fatauci ya raba su da ƙasashensu. Muhawarar kuwa ita ce, a ina ne 'yan kasuwa suka fi mamaye bikin Kirsimeti, a gida ne ko kuwa a ƙasar baƙunci? Masu baki a wannan magana ba kaɗan ba ne, domin bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, a shekarar 2020 mutum miliyan 281 ne ke zaune a wajen ƙasar da aka haife su. In an saurare su da kyau za a ga ra'ayoyinsu sun kasu gida uku, kuma kowane ra'ayi ya danganta ne da inda mai shi ya fito da kuma inda ya sauka.

Ra'ayi na farko, wanda aka fi ji, shi ne na Amurkawa da Turawan Ingila. Waɗannan sukan ce tun da suka bar gida suka huta da hayaniyar Kirsimeti. A can, in ji su, tun kafin watan Oktoba ya ƙare kantuna kan fara baje kayan bikin, rediyo da talabijin su cika da talla, mutum ya wayi gari da dogon jerin sunayen waɗanda dole ya saya wa kyauta, tun daga surukai har abokan aikin ofis. Wannan kuka nasu yana da tushe. Ƙungiyar masu kantuna ta Amurka ta bayyana cewa cinikin da aka yi a watannin Nuwamba da Disamba na shekarar 2023 ya haura dala biliyan 900, haka kuma aka sake yi a 2024. Wani ɓangare mai yawa na wannan sayayya da katin bashi ake yin sa, sai watan Janairu ya kama a shiga biya da kuɗin ruwa.

Amma fa tarihi ya nuna cewa kukan ya daɗe, kuma kasuwa ta jima tana da hannu a siffar bikin. A shekarar 1647 Majalisar Dokokin Ingila, wadda masu tsananin ra'ayin addini suka rinjaya a lokacin, ta soke bikin ɗungurungum, saboda a ganinsu ba shi da madogara a Littafi Mai Tsarki, ga shi kuma ya zama dandalin shaye-shaye. A yankin Boston na Amurka an kafa doka a 1659 cewa duk wanda aka kama yana bikin za a ci shi tarar sule biyar. Da bikin ya farfaɗo a ƙarni na 19, sai ya taso kafaɗa da kafaɗa da masana'antu. A 1843 aka buga katin gaisuwar Kirsimeti na farko don sayarwa a birnin Landan. Daga 1931 kamfanin Coca-Cola ya riƙa amfani da hoton dattijon nan mai jan kaya da farin gemu, wato Baba Kirsimeti, a tallace-tallacensa, har hoton ya game duniya. A 1939 kuma Shugaba Roosevelt na Amurka ya matso da hutun Ranar Godiya da mako guda, don a ƙara wa masu kantuna kwanakin ciniki kafin Kirsimeti. Abin ya kai ga a watan Disamba na 1951 wasu limaman coci a garin Dijon na Faransa suka sa aka ƙona mutum-mutumin Baba Kirsimeti a gaban babbar majami'ar garin, suna masu cewa ya ƙwace matsayin mai bikin. Shekara sittin bayan haka, a huɗubarsa ta jajiberin Kirsimetin 2011, Fafaroma Benedict na 16 ya sake kokawa cewa ƙyalƙyalin ciniki ya rufe ma'anar ranar.

To, me waɗannan baƙi ke gani a waje da yake burge su? Ba'amurken da aka tura aiki Jamus yakan yi mamakin yadda kantuna ke rufewa tun da azahar ranar 24 ga Disamba, ba kuma za a buɗe ba sai bayan ranar 26, tituna su yi tsit, kowa yana cikin iyalinsa. Wanda ya sauka a Habasha ko Masar yakan tarar da Kiristocin da ke bikin ranar 7 ga Janairu, bayan azumin kwana 43 na ƙaurace wa nama da madara, a kwana ana ibada a coci, kamar yadda dubban masu ziyara ke yi a garin Lalibela cikin fararen tufafi. Wanda kuma ya zauna a Jos ko Kaduna ko Sabon Garin Kano yakan ba da labarin bikin da ginshiƙinsa shi ne zuwa coci, da ɗinka wa yara sabbin kaya, da dafa shinkafa da kaji a aika wa maƙwabta, Musulmi da Kirista, sannan a bi gida gida ana gaisuwa. Irin waɗannan mutane sukan koma ƙasashensu suna cewa sun ga Kirsimeti na ainihi.

Ra'ayi na biyu kishiyar wannan ne, kuma masu shi su ne baƙin da ke zaune a ƙasashen da Kiristoci ba su da yawa amma akwai kuɗi. A Japan Kiristoci kimanin kashi 1 ne cikin 100, ranar 25 ga Disamba ma ranar aiki ce, duk da haka birnin Tokyo kan ɗauki ado da fitilu kamar kowane birni na Turai. Jajiberin bikin ya zama daren fitar samari da 'yan mata, abincin bikin kuwa soyayyar kaza ce ta kamfanin KFC, wanda ya fara tallan haka a faɗin ƙasar a 1974, har ta kai ana yin oda tun saura makonni. A Sin kuma matasa kan yi wa juna kyautar tuffa a naɗe cikin takarda mai ado, saboda sunan tuffa a harshensu ya yi kama da kalmar zaman lafiya, alhali garin Yiwu na ƙasar shi ke ƙera fiye da rabin kayan adon Kirsimeti da ake sayarwa a duniya. Haka nan manyan kantunan Dubai kan kafa dogayen bishiyoyin Kirsimeti, a Saudiyya ma, tun bayan da aka rage wa hukumar hisba ƙarfi a 2016, an fara ganin kayan adon a wasu kantunan Riyad da Jidda. Baƙin da ke waɗannan wurare sukan ce gara na gida, domin a gida ko ba komai akwai coci da dangi a bayan cinikin, a nan kuwa ɓawon ne kawai ya iso, ƙwayar ta tsaya a hanya.

Sai dai masu wannan ƙorafi kan manta da cewa su ne suka share wa cinikin hanya. Labarin da kamfanin KFC da kansa ke bayarwa shi ne, dabarar ta samo asali ne daga Turawa mazauna Japan waɗanda suka rasa talotalo, suka koma sayen kaza. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuwa, inda baƙi suka kusa kai kashi 90 cikin 100 na jama'a, ba sai an tambayi don wa aka ƙawata kantunan ba. Ɗan kasuwa ba ya baje hajar da ba mai saye. Baƙon da ya zo da albashi mai tsoka da kewar gida, shi ne kasuwar.

Ra'ayi na uku shi ne na mutanen ƙasashe masu tasowa da ke ci-rani a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa, kuma shi ne ba a cika jin sa ba. Ga ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin ko direba ɗan Gana ko ɗalibi ɗan Nijeriya, abin da ke damunsu game da Kirsimetin Turai shi ne kaɗaici: an yi ciniki na fitar hankali, ranar bikin kuma kowa ya kulle ƙofarsa, ba mai aiko wa maƙwabci ko da kwano ɗaya. Amma kuma bikin gida ba ya zo musu a arha. A Filifin ana fara hidimar Kirsimeti tun daga watan Satumba, 'yan ƙasar da ke waje sukan shafe watanni suna cika manyan kwalaye da tsaraba don aikawa gida, kuɗin da suke turawa kuwa ya haura dala biliyan 30 a shekara, kuma a watan Disamba ya fi yawa. 'Yan Nijeriya mazauna ƙetare su ma sukan turo kimanin dala biliyan 20 a shekara. Tun bayan bikin kalankuwar Kalaba da aka fara a 2004, da shekarar komawa gida da Gana ta shirya a 2019, watan Disamba ya zama kakar kasuwanci a Ikko da Ankara, kuɗin jirgi da na masauki su yi tashin gwauron zabo saboda masu dawowa hutu. A wurin waɗannan mutane kashe kuɗin Kirsimeti sauke nauyin zumunci ne, ko da yake da yawansu sukan yi gunaguni a ɓoye cewa dangi sun ɗauke su tamkar banki.

In aka haɗa waɗannan ra'ayoyi wuri guda, za a ga cewa kowa yana ba da labarin matsayinsa ne fiye da labarin ƙasar da yake zaune. Baturen da ke yabon sauƙin Kirsimeti a ƙasar baƙunci ya samu sauƙin ne domin shi baƙo ne. Ba shi da suruka a garin, ba shi da ƙannen da za su zuba masa ido, ba wanda zai zarge shi in bai yi ɗinki ba. Da zai leƙa zuciyar magidancin da ya gayyace shi cin shinkafa, da ya tarar da irin lissafin da ya gudo ya bari a gida: kuɗin tela, kuɗin kaza, kuɗin motar zuwa ƙauye wanda yakan ninka a makon bikin, ga kuɗin makarantar yara na jiran sa a watan Janairu. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Shirun titunan Jamus ma doka ce ta kawo shi, domin Jamusawa ba baya ba ne wajen ciniki, kasuwar Kirsimeti ta birnin Dresden tun 1434 take ci.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Sau da yawa abin da baƙo ke kira sauƙin rayuwa, a wurin mai gida rashi ne. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashin kaya a Nijeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, dala ɗaya kuma ta haura naira 1,500, alhali a farkon 2023 farashin hukuma bai kai naira 500 ba. A daidai lokacin da masu dawowa daga waje ke murnar arhar shagali a Ikko, mutum 67 ne aƙalla suka rasa rayukansu cikin kwana huɗu a turmutsutsin karɓar kayan abinci da kyaututtukan ƙarshen shekara: yara 35 a Ibadan, mutum 22 a Okija ta Jihar Anambra, da mutum 10 a harabar wata majami'a a Abuja. Wanda ya ga haka zai yi wuya ya ce ƙarancin sayayya alama ce ta tsarkin biki.

Saboda haka bai dace a ɗora wa ciniki laifin komai ba. Tela da mai kiwon kaji da direban mota da mai sayar da atamfa, da yawansu ribar shekararsu a irin waɗannan ranaku take. Ma'aunin da ya kamata a duba shi ne, wa ya amfana da kuɗin da aka kashe, kuma me ya rage wa mai kashewa. Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Joel Waldfogel, ya yi bincike a 1993 inda ya gano cewa kyaututtukan Kirsimeti kan yi asarar kashi 10 cikin 100 har zuwa sulusin darajarsu, domin ana saya wa mutane abin da su da kansu ba za su saya a wannan farashi ba. Buhun shinkafar da ɗan ci-rani ya aiko wa mahaifiyarsa ba ya cikin wannan asara. Kyautar da aka ci bashi aka saya don gudun abin da mutane za su ce, ita ce ke ciki, ko a Landan aka yi ta ko a Kafanchan.

Wannan darasi bai tsaya kan Kirsimeti kaɗai ba. Ma'aikacin gwamnatin da ya karɓi rancen albashi don ya yanka ragon Layya da ya fi na maƙwabcinsa, ko ya yi wa gida kayan Sallah fiye da ƙarfinsa, yana kan hanyar da Ba'amurke mai katin bashi ya bi. Malaman addinan biyu sun sha yin gargaɗi game da almubazzaranci da riya, sai dai muryar talla, wadda yanzu ta shiga wayar hannun kowa, ta fi tasu ƙara. Ya rage ga hukumomi su tsara yadda ake rabon kayan agaji a lokutan bukukuwa don kada a sake ganin abin da ya faru a 2024, su kuma tabbatar an biya albashi da fansho a kan kari. Ya rage ga magidanta su yi daidai ruwa daidai tsaki. Su kuma baƙi mazauna ƙetare, kafin su yanke hukunci a kan bikin wata ƙasa, yana da kyau su tambayi mai masaukinsu nawa ya kashe, kuma ina ya samo.