Kwamfutar Wasa a Teburin Manazarci: Ina Kuɗin Ke Tafiya?

Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, sayen kwamfutar tafi-da-gidanka mai tsada ya zama shawarar da malamin jami'a ba ya yankewa sau biyu a kusa. Duk da haka, da yawa kan shiga shago su fito da irin wadda aka ƙera domin wasannin bidiyo, kamar ASUS ROG ko Lenovo Legion, bisa zaton cewa wadda ta fi ƙarfi ita ta fi dacewa da kowane aiki. Wannan zato yana buƙatar gyara.

Kaso mai tsoka na kuɗin kwamfutar wasa yana tafiya ne ga katin sarrafa hoto, galibi na NVIDIA, da allon da ke sabunta hoto sau 144 ko fiye a daƙiƙa guda. Mai rubuta maƙala a kan karin sauti, ko mai auna tsawon wasali da manhajar Praat, ba zai taɓa cin moriyar waɗannan ba. Abin da zai gani shi ne caja mai jan wat 230 ko sama da haka, da batirin da ke ƙarewa tun lacca ba ta yi nisa ba, da fankoki masu zuƙar ƙurar hunturu. Batirin ma ba shi da inda zai ƙara girma, domin kamfanoni kan tsaya ƙasa da ma'aunin wat-awa 100 da aka ƙayyade wa fasinjan jirgin sama. A inda wutar lantarki ke zuwa ta ɗauke ba sallama, wannan kaɗai ya isa hujja.

Sai dai MacBook, wadda batirinta ya yi suna tun fitowar M1 a 2020, ita ma tana da nata tarkon. Manhajar FLEx ta SIL, wadda masu harhaɗa ƙamus ke dogaro da ita, ba ta aiki kai tsaye a kanta. Haka kuma ba a ƙara mata RAM bayan saye. Abin da mutum ya biya ran farko, da shi zai zauna.

Ga mafi yawan masu nazarin harshe da adabi, kuɗin ya fi amfani idan aka zuba shi a RAM mai gigabayit 16 zuwa 32, da madannai masu daɗin bugu, da ma'adana mai faɗi. Awa ɗaya ta hirar da aka naɗa da inganci sosai a tsarin WAV kan iya cin kusan gigabayit guda, kuma mai tattara waƙoƙin baka ya san yadda awanni ke taruwa. ThinkPad da ire-irenta sun fi kusa da wannan buƙata. Mai neman ta hannu kuwa ya tabbatar tana ɗaukar Windows 11, tunda Microsoft ta janye tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Rukuni ɗaya ne kwamfutar wasa ta dace da shi: masu horar da na'ura ta gane maganar Hausa ko ta yi fassara. Su ɗin ma, abin dubawa shi ne yawan ma'adanar katin hoton, domin gigabayit 8 kan cika da wuri, kuma babban aiki dole a kai shi ga manyan na'urorin da ake haya ta intanet.