Murzuna da ƙarfin aljihun manomi

A yankin Maraɗi na Nijar, tsutsar murzuna kan ɓarnata zangarniyar gero kafin girbi. Masu bincike na cibiyar INRAN suna yaƙarta da wani ɗan mitsitsin zanzaro, Habrobracon hebetor, da ake kai wa gonaki cikin ƙananan buhunan algarara. Dabarar tana aiki, amma lokacin biyan kuɗinta tsakiyar damina ne, sa'ad da rumbun talaka ya riga ya ƙare.

Zanzaron kuma bai san iyakar gona ba. Idan mutum ɗaya ya sayi buhunan, maƙwabtansa suna amfana kyauta, shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ke jiran wani ya biya. Ƙauyen da ke da ƙungiyar manoma yana iya haɗa kuɗi ya saya gaba ɗaya. Ya kamata hukuma ta ɗauki nauyin buhunan farko a ƙauyukan da ba su da ita.