Kujerar Ofis da Zuciyar Ma'aikaci

Sau nawa muka ji sanarwa cewa wani babban ma'aikaci ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya, alhali bai cika shekara hamsin ba? A yi ta'aziyya, a naɗa wani a kujerarsa, shi ke nan. Ba mu musun ajali, amma wajibi ne mu tambayi abin da ke kayar da mutum yana tsakiyar ƙarfinsa. Sau da yawa hawan jini ne, tare da abin da yake haifarwa, wato bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun hallaka mutum kusan miliyan 18, mafi yawansu a ƙasashe marasa ƙarfin arziki.

Abin takaici, a wurinmu in saurayi ya kama aiki ya ajiye tumbi, sai a ce hutu ya karɓe shi. Mota ta kai shi ofis, kujera ta riƙe shi har yamma, masinja ya ɗauke masa fayil. Da rana shinkafa da mai da lemon kwalba, da dare tsire. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Mutum zai yi shekaru awonsa ya haura 140/90, ba ciwon kai ba jiri, alhali cutar tana cin zuciya da ƙoda kamar yadda gara ke cin azara.

Wasu za su ce lafiya lamarin mai ita ne, ba ruwan ma'aikata. Mu ba mu yarda ba. Ofis ne ke cinye rabin yinin ma'aikaci, kuma da dukiyar talakawa aka horar da shi. Ran da ya faɗi, iyalinsa da ƙasa ne ke asara.

Saboda haka muna kira da abubuwa huɗu. Na farko, kowace ma'aikata ta ajiye na'urar awon jini, a riƙa auna kowa daga darakta har maigadi. Kuɗinta bai kai na labulen ofis ɗaya ba. Na biyu, masu dafa abincin ma'aikata su rage gishiri, domin abin da aka shawarta bai kai giram 5 a rana ba, kimanin ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin ɗanɗanon miya. Na uku, a ware lokacin motsa jiki: minti 150 a mako, wato tafiyar rabin sa'a da sassarfa kwana biyar. Na huɗu, a aiwatar da dokar 2015 wadda ta hana shan taba cikin wuraren aiki a Nijeriya.

Ƙungiyoyin ƙwadago, ku sa waɗannan cikin buƙatunku, domin ƙarin albashi ba ya amfanar wanda ke kwance.

Mu kuma ɗalibai, gobe mu ne bisa waɗannan kujeru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada mu jira ranar 29 ga Satumba, Ranar Zuciya ta Duniya, kafin mu je asibitin jami'a a auna mu. Mu je a wannan makon.