Keke a cikin shago: Haƙƙin mai keke da haƙƙin mai kaya

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da dama a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa sun jingine babura sun koma kan keke. Hakan ya farfaɗo da wata taƙaddama: mutum ya zo sayayya, ya turo kekensa har cikin shago.

Mai keke yana da hujjarsa. Da keken yake zuwa gona, da shi yake kai hatsi niƙa, da shi yaransa ke zuwa makaranta. A wuri mai cunkoso irin Kwanar Dangora, ƙiftawar ido ta isa a yi gaba da shi, kuma sayen wani a wannan tsada sai an sayar da akuya ko buhun masara.

Amma mai shago ma jarinsa ne a jibge. Yawancin shagunan ɗaki guda ne. Da damina taya na shigo da taɓo da kashin dabbobi kusa da garin tuwo da sukari. Feda na iya yaga buhun shinkafa, kan keke ya ture kiret ɗin ƙwai. Tsohuwa ko mai goyo kuwa sai ta rasa hanyar wucewa. Sau da yawa kunya ke hana mai shago magana, ya haɗiye asarar.

Ra'ayinmu shi ne, mazaunin keke ƙofar shago. Mai keke ya tanadi sarƙa da kwaɗo, kuɗinsu bai kai na taya ɗaya ba. Idan dole ta sa, ya yi sallama ya nemi izini, in an hana shi kada ya ɗauka wulaƙanci ne. In ya yi ɓarna, ya biya ba tare da an kai ga sarkin kasuwa ba.

Masu shago su ma da nasu aikin. Su kafa ƙarfe ko turke a inda mai sayayya zai riƙa hango kekensa. Shaguna huɗu ko biyar na iya haɗa kuɗi su sa mai walda ya yi musu guda. Shugabannin kasuwanni kuma su ware filin ajiya mai maigadi a ranakun cin kasuwa. Wanda hankalinsa ke kwance kan kekensa ya fi daɗewa yana ciniki.