Ƙarar kunne ba ta rasa sauƙi

Duk wanda ya tsaya kusa da injin niƙa a kasuwar Dole ta Damagaram ya san yadda kunne ke ci gaba da ƙugi bayan ya bar wurin. Mai injin kuwa nan yake wuni, kunnensa a buɗe. Wata rana ƙarar sai ta ƙi tafiya. Wani ma ƙarar kwano in ya faɗi sai ya ji ta har cikin ƙwaƙwalwa.

Mutanen Damagaram su sani, akwai sauƙi. Ƙarar da kinin na zazzaɓin sauro ke haddasawa takan gushe bayan an gama maganin, haka ta dattin kunne idan likita ya wanke shi. Wadda ta daɗe ba ta da ƙwayar da ke kashe ta, amma ƙwaƙwalwa kan saba har mutum ya koma barcinsa, musamman da rediyo ƙasa-ƙasa da dare. Mai jin zafin sauti kuwa, toshe kunne dare da rana ƙara masa ciwon yake yi.

Muna roƙon Babban Asibitin Zinder ya riƙa fita gwajin kunne a kasuwanni kowace 3 ga Maris, ranar ji ta duniya, ya haɗa da yaran da suka tashi daga sanƙarau.